Yaya zan mayar da lissafin ruwan saman ƙauyenmu sautin da kunne zai ji?

Malamin Kimiyya, daga ƙasar Ringim

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida malamai da 'yan'uwa da ke wannan zaure, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanina, domin ina so duk wanda zai amsa ya san inda na dosa.

Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare ta wani ƙauye da ke ƙasar Ringim. Tun daminar 2015 na kafa ma'aunin ruwan sama a bayan ofishin malamai, kuma kowace safiya da ƙarfe bakwai, ko ni ko ɗaya daga cikin ɗalibaina mukan duba abin da ya taru, mu rubuta shi da milimita a wani littafi mai bangon kwali, sannan mu zubar da ruwan. Yanzu littafin nan ya tara damina goma. Na sha zana alƙaluman a allo, yara su kwafa, su amsa tambaya a kansu ranar jarrabawa, amma ban taɓa ganin zanen ya shiga ran kowa ba. Iyayensu kuwa, waɗanda su ne maganar ruwa ta fi shafa, yawancinsu ba su saba da irin wannan zane ba, ko da yake da dama daga cikinsu suna karanta ajami sarai, kuma sun fi ni sanin gona nesa ba kusa ba. Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne wata yarinya da ke aji biyu a bana, wadda ganinta ya yi rauni ƙwarai, ga ta da kaifin basira, amma duk ranar da darasi ya koma kan zane a allo sai in ga ta sunkuyar da kai tana jiran a wuce wurin.

Kwanakin baya wani ƙanena ya kunna mini wani sauti a wayarsa, ya ce hukumar NASA ta Amurka ce ta fitar da shi, wai sautin wani baƙin rami ne a can cikin sararin samaniya, wato wurin da ƙarfin janyowarsa ya kai har haske ba ya iya kuɓuce masa. Ya kuma ce akwai masu ɗaukar alƙaluman zafin duniya ko na girgizar ƙasa su zuba wa manhaja, ita kuma ta mayar da su kiɗa. Tun daga ranar nake tunanin littafina.

To ga abin da nake son sani. Shin wannan sauti na gaskiya ne, ko kuwa ƙirƙira ce aka lulluɓe da sunan kimiyya? Domin ni da bakina nake koya wa yara cewa sauti ba ya tafiya inda babu iska, kuma ba na so in kawo musu abin da zai rushe wannan darasi. Idan kuma aikin yana da tushe, ta wace hanya lamba take zama sauti, kuma wace manhaja ce za ta yi aiki a tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da nake caji da sola, a wurin da intanet ba ta samuwa sai an hau tudun bayan gari? Akwai kuma tambayar da shugaban makarantarmu ya yi mini da na ba shi labari, wato ko abin da za a kunna wa iyayen yara kiɗa ne, tunda ya san akwai dattawan da ba za su zauna wurin kiɗa ba. Ina neman shawarar duk wanda ya taɓa gwada wannan aiki ko ya san wani abu a kansa. Allah ya ba da lada.

Mai Rubuta Manhaja, daga Bichi

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri a kan littafin nan, domin tara alƙaluma kullum har shekara goma shi ne ɓangaren aikin mai wuya, kuma ka riga ka gama shi.

Hanyoyi biyu ne ake bi, kuma rashin bambanta su shi ke jawo shakkar da ka ambata. Hanya ta farko ana bin ta ne idan abin da aka auna shi kansa kaɗawa ce, sai dai kunne ba ya iya kama ta. Kunnen ɗan Adam yana jin abin da ke kaɗawa daga wajen sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya, wato sakan ɗaya, duk abin da ya gaza haka ko ya zarce, shiru ne a wurinmu. Duk wanda ya yi zamani da rediyo mai kaset ya san cewa idan batir ya yi sanyi murya takan yi kauri, idan kuma kaset ya yi gudu sai ta sirance. Wannan dabarar ce masana suka ara. Tun a 1961 wani mai bincike, Sheridan Speeth, ya ƙara wa bayanan na'urar auna girgizar ƙasa sauri har suka shiga iyakar jin kunne, don a gwada ko mutum zai iya bambanta girgizar ƙasa da fashewar bam ta hanyar sauraro kawai.

Sautin da ƙanenka ya kunna maka ɗan wannan gida ne. Baƙin ramin yana tsakiyar wani gungun taurari da ake kira Perseus, wanda haske ke shafe kimanin shekara miliyan 240 kafin ya iso mana daga can. Darasinka bai rushe ba, domin wurin ba fanko ba ne: cike yake da iskar gas mai tsananin zafi, kuma a 2003 na'urar hangen nesa ta Chandra ta nuna cewa baƙin ramin yana tura wannan gas yana haifar da igiyoyi a cikinsa, kamar yadda dutse ke yi idan an jefa shi a kududdufi. Sai dai kaɗawa ɗaya tak tana ɗaukar kimanin shekara miliyan 10. A 2022 ne aka ninka saurinta sau biyu, aka sake ninkawa, aka yi ta yi har sau 57 da sau 58, kafin kunne ya iya ji. Saboda haka igiyoyin na gaskiya ne, amma matakin da aka ɗaga su zuwa gare shi zaɓin mutane ne, kuma wanda ya je wurin ba zai ji abin da ka ji a waya ba. Akwai ma inda ba a buƙaci irin wannan ɗagawa ba: girgizar da na'urorin LIGO na Amurka, masu gano girgizar sararin samaniya, suka kama ranar 14 ga Satumba 2015, daga haɗuwar wasu baƙaƙen ramuka biyu, ta tashi ne daga kaɗawa 35 zuwa 250 a daƙiƙa, cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, wanda dama yana cikin abin da kunne ke ji.

Littafinka ba ya cikin wannan rukuni, domin milimita 30 ba kaɗawa ba ce, adadi ne kawai. Kai hanya ta biyu za ka bi, wato ka ƙulla yarjejeniya tsakanin lamba da sauti, ka ce ruwa kaɗan murya mai kauri, ruwa mai yawa siririyar murya. Haka wani ɗalibi a Jami'ar Minnesota, Daniel Crawford, ya yi a 2013 da alƙaluman zafin duniya daga 1880 zuwa 2012: kowace shekara ya ba ta sauti ɗaya a kan wani babban goge na Turawa, shekara mai sanyi can ƙasa, mai zafi can sama, mai sauraro kuma ya riƙa jin muryar tana hawa yayin da ake matsowa zamaninmu.

Abin da ya sauƙaƙa wannan aiki a kwamfuta shi ne wani tsari da ake kira MIDI, wanda aka fito da shi a 1983, inda aka ba kowane matakin sauti lamba daga 0 zuwa 127. Lamba 69 ita ce kaɗawa 440 a daƙiƙa, kuma duk lokacin da ka ƙara 12, kaɗawar ta ninka biyu, don haka 81 ita ce 880. Bari in yi maka misali da lissafi. A ce ruwa mafi yawa da ka taɓa aunawa a rana ɗaya bai wuce milimita 100 ba, kai kuma ka zaɓi matakan da ke tsakanin 48 da 84, waɗanda ƙaramar lasifika ke iya fitarwa ba tare da wahala ba. Tazarar matakai 36 ke nan, saboda haka sai ka ninka ruwan kowace rana da 0.36 ka ƙara 48. Milimita 25 za ta ba ka 57, milimita 50 ta ba ka 66, milimita 100 ta kai 84. Wannan lissafi Excel zai yi maka shi a layi ɗaya. Daga 1 ga Mayu zuwa 31 ga Oktoba kwana 184 ne, idan ka ba kowace rana rubu'in daƙiƙa, damina guda za ta wuce cikin daƙiƙa 46, damina goma kuma cikin minti bakwai da daƙiƙa 40.

Game da manhaja, ina ba ka shawarar Sonic Pi, wadda Sam Aaron ya ƙirƙira a Jami'ar Cambridge ta Ingila musamman don koyar da yaran makaranta. Kyauta ce, kuma da zarar ka sauke ta sau ɗaya ba ta ƙara neman intanet. Umarni biyu kawai kake buƙata da farko: ka rubuta play 60 ta fitar da sauti, ka rubuta sleep 0.25 ta dakata rubu'in daƙiƙa, sannan ka koyi yadda za ka ba ta jerin lambobinka ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Tana da maɓallin naɗa, wanda zai adana maka sautin a fayil. Akwai kuma TwoTone, wadda ba ta buƙatar ka rubuta komai, fayil ɗin alƙaluma kawai ake ɗora mata, amma a shafin intanet ake buɗe ta, ga shi ka ce sai an hau tudu.

Maganar shugaban makarantarku kuwa, hukunci na malaman addini ne, ba nawa ba. Abin da zan iya faɗa ta fuskar aiki shi ne ba dole ne a sa kayan kiɗa ko ganga ko amshi ba. Sauti tsura, irin wanda na'urar asibiti ke yi, ya isa ya ɗauki saƙon gaba ɗaya, kuma ni a ganina ya ma fi tsabta.

Ma'aikaciyar Jinya, daga Haɗejiya

Malam, sannu da ƙoƙari. Ambaton na'urar asibiti da ɗan'uwanmu na Bichi ya yi shi ya sa na ga ya kamata in sa baki, domin mu wannan abu muna aiki da shi kullum, ko da ba mu ba shi suna ba.

A ɗakin tiyata akwai na'urar da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa don auna bugun zuciya da yawan iskar oksijin da ke cikin jininsa. Kowane bugu tana yin ƙara ɗaya, kuma a irin manyan da ke haɗe da allo, idan oksijin ya fara raguwa sai ƙarar ta riƙa yin kauri kaɗan-kaɗan. Idanunmu suna kan majiyyaci, hannuwanmu suna kan aiki, ba mai kallon allo, amma da zarar muryar ta sauka kowa a ɗakin zai ɗago kai tun kafin a karanta lamba. Abin da na koya daga nan shi ne kunne ba ya iya faɗa maka adadi daidai, ba zai ce maka 94 ne ko 92 ba, amma wajen gane cewa abu ya canza, da lokacin da ya canza, yana da sauri matuƙa. Don haka ina ganin kada ka sa ran iyayen yara su ji sauti su ce milimita kaza ne. Abin da za su kama shi ne tafiyar daminar.

Ita kuma ɗalibarka, ina roƙonka ka ba ta labarin Wanda Díaz-Merced, masaniyar taurari 'yar Puerto Rico, wadda ta rasa ganinta tana ɗalibar jami'a, amma ba ta bar fagen ba. Ta yi aiki da wata manhaja mai suna xSonify da aka samar a cibiyar Goddard ta NASA, tana sauraron alƙaluman da abokan aikinta ke kallo, har ta kammala digirin digirgir a Jami'ar Glasgow a 2013, kuma bincikenta ya shafi yadda sauti ke taimaka wa har masu gani su tsinkayi alamar da ta ɓuya cikin hayaniyar alƙaluma. Shawarata ita ce kada ka gama aikin sannan ka kawo mata ta saurara. Ka zaunar da ita tun farko, ita ce za ta gaya maka ko saurin ya yi yawa, ko matakai biyu sun yi kusa har ba a bambanta su, domin ta fi ku duka dogaro da kunne, kuma za ta ji abin da zai wuce ku. Ka kuma taimaka a kai ta a duba idon, tunda wani raunin ganin yana da magani idan an tare shi da wuri.

Tsohon Malamin Gona, daga Gumel

'Ya'yana, na karanta bayananku duka, kuma na ƙaru. Ni ban san kwamfuta ba, jikana ne ke rubuta mini wannan, amma na yi shekara talatin da 'yan kai ina yawo tsakanin manoma a ƙasar Gumel da Maigatari, kuma akwai abin da nake tsoron a bari a baya.

Ɗana na Bichi ya yi bayanin yadda ruwa mai yawa zai zama siririyar murya, ruwa kaɗan kuma mai kauri, amma bai faɗi abin da za a yi da ranar da ba a yi ruwa ba. Bisa lissafinsa, sifiri zai zama mataki na 48, wato ranar da ko ɗigo bai sauka ba ita ma za ta yi ƙara. Wannan kuskure ne babba a wurin manomi. Ranar da babu ruwa a bar ta shiru, kuma kada a gajarta shirun don a ji daɗin sauraro. Manomi ba ya tuna damina da jimillar milimita. Yana tuna ta da ranar da aka yi ruwan shuka, da ko an yi binne an ci sa'a ko iri ya ruɓe, da kwanakin da sama ta ɗauke bayan tsiro ya fito, da ko marka ta zo a kan kari. Damina biyu suna iya zuwa da jimilla ɗaya, a cika rumbu a ɗaya, a sayar da akuya a ɗayar, saboda a ta biyun ruwa ya tsaya mako biyu ko uku daidai lokacin da gero ya yi ciki yana shirin bununi. A ƙasa mai rairayi irin tamu, wadda ba ta riƙe laima, wannan tsayawar ita ce komai. Saboda haka kuma nake gargaɗin kada a tara ruwan wata guda a mayar da shi sauti ɗaya don a taƙaita, domin a cikin jimillar wata ne fari ke ɓuya.

Na ga farin 1973 ina saurayi, na kuma ga na 1984 ina bakin aiki, kakanninmu kuma sun ba mu labarin yunwar Kakalaba ta wajen 1913 zuwa 1914. Duk wanda ya rayu a irin waɗannan shekaru, abin da ke zaune a ransa shi ne fitowa tsakar gida kowace yamma a dubi gabas, hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. Idan na'urarku ta iya sa yaron da bai ga wannan ba ya zauna cikin shiru yana jiran sauti na gaba, ya ji jiran ya yi masa tsawo, to ta koyar da shi abin da ni na kasa koyarwa da baki.

Abu na biyu shi ne maganar kalangu. Mu Hausawa ba baƙi ba ne wajen ɗora magana a kan sauti. Makaɗi yana matse igiyoyin kalangu a hammatarsa murya ta tashi, ya saki ta sauka, yana bin karin harshenmu na sama da na ƙasa, har ya kira mutum da takensa daga nesa, mutumin ya waiwayo. Amma baƙon da bai san taken ba, ƙara kawai yake ji. Ma'anar tana wurin waɗanda aka koya wa. Don haka, Malam, kafin ka kunna wa dattawa damina guda, ka fara kunna musu sauti uku ko huɗu kana faɗa musu: wannan yayyafi ne da bai jiƙa ƙasa ba, wannan ruwan shuka ne, wannan irin wanda ke rusa katanga ne. Ka yi amfani da sunayen da suka sani. Sannan kada ka gaya musu shekarar da za ka kunna. Ka bari su faɗa da kansu, kuma idan suka yi gardama da na'urar, ka saurare su da kyau, domin ma'auninka a wuri ɗaya yake, ruwan ƙasarmu kuwa yakan sauka a wannan unguwa ya tsallake waccan.

Malamin Kimiyya, daga ƙasar Ringim

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Malama, na gode, kuma na yi magana da mahaifin yarinyar a kan duba idon. Ɗan'uwa na Bichi, na shiga Ringim ranar Asabar na sauke Sonic Pi, kuma ta zauna a kwamfutar lafiya.

Na shigar da damina uku, na bar ranakun da ba ruwa shiru kamar yadda Baba ya ce, na kuma zaunar da ɗalibar tare da ƙawayenta biyu. Abu na farko da ta ce shi ne rubu'in daƙiƙa ya yi sauri a watan Agusta, sautukan suna hawa kan juna, sai muka mayar da shi kusan rabin daƙiƙa. Da muka kai wata damina da ruwa ya ɗauke a cikin Yuli, ta ɗauka kwamfutar ce ta mutu, har ta miƙa hannu tana laluben ta, sannan sautin ya dawo. Ta tambaye ni kwana nawa ke nan, na ce ta ƙirga da kanta, muka sake kunnawa tana ƙirgawa da yatsu, kuma kwana ɗaya kawai ta kuskure. Ban taɓa jin daɗin darasi kamar na ranar ba.

Amma na ci karo da matsaloli uku. Yawancin ruwan da ke littafina bai kai milimita 20 ba, don haka kusan duk sautukan sun taru a ƙasa, ba a bambanta yayyafi da ruwan shuka. Sannan akwai ranakun da na yi tafiya lokacin dogon hutu ba a auna ba, na bar gurbinsu fanko, yanzu kuma sun zama shiru kamar ranakun fari. Na uku, daminar 2022, shekarar da ambaliya ta ci gonaki da gidaje a yankinmu, ta fito da yawan sauti, amma ko kusa ba ta nuna girman abin da muka gani da idonmu ba. Ina kuma son sanin inda zan samo alƙaluman shekarun da suka gabaci littafina.

Mai Rubuta Manhaja, daga Bichi

Baba ya yi gaskiya a kan sifiri, gyaran ya zama dole, kuma na karɓa da godiya.

Malam, matsalar cunkoso a ƙasa tana da magani. Maimakon ka yi aiki da milimita kai tsaye, ka nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da adadin ruwan, wanda a Excel umarnin SQRT ke fitarwa, sannan ka ninka ta da 3.6 ka ƙara 48. Da haka milimita 4 za ta faɗa wajen 55, milimita 9 wajen 59, milimita 25 a kan 66, milimita 100 kuma tana nan a 84, ƙananan ruwa sun sami sarari ke nan. Sharaɗi ɗaya ne: ma'aunin da ka zaɓa ya zama shi ne na dukkan shekaru goma. Wasu manhajojin sukan auna kowane fayil da mafi girman lambar da ke cikinsa, sai shekarar fari ta hau sama daidai da shekarar marka, kwatancen ya lalace. Kuma duk lokacin da za ka kunna wa mutane, ka faɗa musu cewa an buɗa ƙananan lambobi da gangan.

Ranakun da ba a auna ba kada su zama shiru, kada kuma ka cike su da hasashe. Ka ba su wata alama dabam wadda ba ta da kari, kamar ɗan ƙwanƙwasa katako a hankali, ka sanar da masu sauraro cewa ma'anarta ba a duba ba. Idan kuma ka dawo daga tafiya ka tarar da ruwan kwana uku a ma'auni, ka sa masa alama shi ma, domin ba na rana ɗaya ba ne.

Game da 2022, littafinka bai yi ƙarya ba, abin da ya sauka a bayan ofishinku kawai ya sani. Ruwan da ke bi ta Ringim a kogin Haɗejiya yana tahowa ne daga kogin Kano da na Challawa, inda madatsun Tiga da Challawa suke, don haka ruwan da ya sauka can nesa a kudu da yammacin Kano yana iya cika muku fadama ranar da ma'auninka ke bushe. Idan kana son a ji ambaliya, sai an sami tsayin ruwan kogi na kowace rana a ba shi murya ta biyu mai kauri da ke tafiya a ƙarƙashin ta ruwan sama, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ce wurin da ya dace a fara tambaya.

Na shekarun baya kuwa, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana da tashar auna yanayi a filin jirgin saman Malam Aminu Kano. Akwai kuma rumbun alƙaluman ruwan sama mai suna CHIRPS na Jami'ar California da ke Santa Barbara, wanda ke haɗa hotunan tauraron ɗan Adam da bayanan tashoshin ƙasa, yana ba da ƙiyasin ruwan kowace rana tun daga 1981, a kan murabba'i mai faɗin wajen kilomita biyar, kuma kyauta ne. Shekarun 1983 da 1984 suna ciki, amma 1973 ba ta ciki. Tunda ƙiyasi ne, ka fara sauke na 2015 zuwa 2024 ka kunna shi kusa da na littafinka, ɗaya a lasifikar dama ɗaya a ta hagu, ka ji inda suka dace da inda suka saɓa kafin ka amince da shi a shekarun da ba ka da shaida. Idan intanet ta gagara, ka turo mini sunan gundumarku ta saƙon sirri, in sauke maka in aiko da fayil ɗin, ba zai yi nauyi ba.